Baba Mai Kyamara da Matakalarsa

Kullum da safe Baba mai kyamara zai buɗe kantinsa, ya goge gilasan kyamara da ƙyalle mai laushi, sannan ya hau bene ya buɗe tagar da ke kallon wani tsauni can nesa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya fara hazo, kuma wallahi hankalin masu hoto a tashe yake.

Baba ba ya miƙa gilashin zum, mai janyo nesa kusa, a kan teburin kanti. Sai ka ɗaura shi a kyamararka, ka haye matakala da sauri, ka ɗauki tsaunin nan kana haki.

Wata mai hoto ta shigo masa rannan a firgice, ya tambaye ta inda za ta, ta ba shi labari. An gama dam, ruwa na dab da shanye ƙauyen da aka haifi mahaifiyarta. An rufe hanya, sai dai a hango garin daga kan dutse a tsallaken kwari. Tsohuwar tana kwance, ba abin da take roƙo sai ta sake ganin gida. Tafiya ɗaya ce, in hoto ya lalace shi ke nan.

Gilasai biyu ne a gabanta. Babban yana aiki ko haske ya yi ƙaranci, amma nauyi kamar turmi. Ƙaramin ya fi kaiwa nesa, sai dai yana son rana.

"Baba, babban nan zan ɗauka, kada hadari ya cuce ni."

"To jarumar hawa dutse, haye da shi mu gani."

Ta haye, ta ɗauka. Tsaunin ya fito dishi-dishi, hannu ya yi rawa saboda nauyi. Ta sauko ta sake hawa da ƙaramin, sai ga hoto tar.

"In rana ta ƙi fitowa fa, Baba?"

"Ki zauna ki jira ta, 'yata. Rana takan leƙo, amma gajiyayyen hannu ba ya tsayuwa."

Ta tafi da ƙaramin. Haka kuwa ta wuni a kan dutse, hadari ya rufe sama, ruwa na cin gonaki tana kallo, tana addu'a tana hawaye. Da la'asar rana ta ɗan leƙo, ta danna.

Da ta kai wa tsohuwa hoton, tsohuwa ta ɗora yatsa a kansa ta ce, "Ga bishiyar ƙofar gidanmu."

Baba, kai ne mai tambayar inda mutum zai je kafin ka ba shi kaya. Mun gode, Allah ya ƙara maka lafiya. Masu kanti, don Allah ku yi koyi da shi tun yana nan. Yau bishiyar tana ƙarƙashin ruwa, amma tsohuwa ta ga gida kafin ta rufe ido.