Shekarar da Maharazu Ya Binne Irin Ubansa

Idan ka tambayi Maharazu sana'arsa, manomi zai ce maka, alhali gonar tasa ba ta ciyar da gidansa rabin shekara. Wata 'yar jigawa ce da ya gada a bayan ƙauyensu, gabas da Baure. Sauran watannin a bakin aikin mutane yake cinye su, duk inda aikin ya ɓulla.

Da an gama girbi sai ya shiga sussuka, ran kasuwa kuma ya yi dakon buhuna a Mai'aduwa. Sanyi na shigowa ya gangara birnin Daura ya yi ta kwaɓa ƙasa yana mulmula tubali, ƙafafunsa duk faso. Daga nan sai lambunan bakin dam, ban ruwan albasa. In bazara ta yi, rijiyoyi suka ja baya, a neme shi yasa. In babbar salla ta matso ya hau tirela rakiyar raguna zuwa kudu, ya dawo yana ta warin garke. Akwai ma wani gida a bakin iyaka da ya daɗe yana kai wa ruwa da itace. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka rufe gidan, don ba ruwan Maharazu kaɗai ake sha a ciki ba. Ya yi hamdala tare da kowa, kuma har zuciyarsa, amma fa matarsa Haulatu ta ga bambanci a tukunyarta.

Abu ɗaya yake tinƙaho da shi, wato irin geron ubansa, Malam Sharu. Gajere ne, mai saurin nuna, ko damina ta yi rowa sai ya ba ka wani abu. Kowace kaka, kafin a sa wuƙa a gonar, Maharazu kan bi ta kunya kunya yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ɗan dami daban, ya rataye a ƙoƙuwar rumbu. Abokansa na tsokanarsa, wai mutumin da ba shi da ko akuya amma yana da dukiyar ratayewa. Shi dai murmushi yake yi, don duk abin da hannunsa ke taɓawa a shekara na wani ne, ban da wannan.

To, damina takan riga sauka a kudu. Lokacin da masarar Funtuwa ke neman noman farko, ƙasar Baure ba ta ga ko ɗigo ba, kuma a wannan tsakanin ne ƙwadago ke da tsoka. Shi ya sa irin su Maharazu ke yin binne: su shuka gero a busasshiyar ƙasa, su tafi nema, in ruwa ya sauka ya tarar da iri yana jiransa. Sai dai ko yaushe manya na gargaɗi kada a binne duka, a bar rabi a gida, saboda ruwan farko ba shi da amana.

A shekarar da nake ba ku labari, rani ya zo wa Maharazu a karkace. Masu gini a Daura sun koma bulo, tubali sai jefi jefi. Ruwan dam ya janye da wuri, lambu ya tashi. Ana tsakiyar bazara rumbu ya ƙare tas. Shi da kansa ya sauko da damin irin, ya raba biyu, ya miƙa wa Haulatu rabi ta daka wa yara, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ranar da ya saɓa sungumi zai fita binne, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, ka bar mana ko tiya ɗaya a gida."

Ya ce mata abin da ya rage da kyar zai rufe gonar. In ya rage wani abu, dole ya cike da na kasuwa, in kuwa suka tashi a gona ɗaya iri zai gauraya, badi ba za a san na Malam Sharu ba. Ya binne shi kaf, washegari ya hau mota.

Yana cikin noman masarar wani attajiri a ƙasar Funtuwa ya ci karo da Zailani, wani direba ɗan garinsu, a tasha. Bayan gaisuwa Zailani ya yi masa albishir cewa an yi ruwa a gida. Nan take Maharazu ya tambaye shi ko an tona an ga inda laima ta tsaya.

"Ni dai ban tona ba, Baba. Amma tsiro ya fito. Tun ranar kuwa sama ta washe, ko gajimare babu."

Bai bar aikin ya taho ba. Jinga ya karɓa, sai ya ƙarasa, kuma ko ya je ba ruwa zai ɗauko a ka ba. Ya ci gaba da noman masarar wani cikin laima mai sanyi, ransa a jagule.

Da ya dawo, gona ya fara wucewa kafin gida. Tsiron ya fito ɗin kuwa, layi layi, gwanin tsari, amma duk ya bushe kamar zare. Ya durƙusa yana tona ramukan da hannu ko zai dace da ƙwayar da ruwan bai kai gare ta ba. Ya bi gonar har ƙarshenta, bai samu ba. Daga nan ya shiga bin gidajen da ya san ubansa ya taɓa ba su irin, har ƙauyukan tsallaken iyaka. Kowa ya jajanta masa, ya ce ai tuni ya koma sabon iri.

Da ruwan gaske ya sauka, Alhaji Sama'ila, babban manomin yankin, ya nemi 'yan shuka. Maharazu ya yi masa aiki, ya roƙi a biya shi da iri. Da shi ya sake shuka jigawar, a makare. Allah cikin ikonsa damina ta yi kyau, geron ya yi tsawo ya cika, masu wucewa na yi masa barka, suna cewa bai taɓa samun kamar na bana ba. Gaskiya suka faɗa, ya kuma gode wa Allah.

Ranar da aka kwaso amfanin gida, Haulatu na tsaye tana miƙa masa dammuna yana jerawa a rumbu. Ta miƙa na ƙarshe, ta duba ƙasa, ta ga ba a ware komai ba.

"Malam, ina na iri?"

Ya karɓi damin ya jefa kan sauran.

"Wannan ai ana samunsa a kasuwa," in ji shi.