Man Kifin da Na Shafa wa Jikata

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama na mayar muku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, na kuma ce kada a rage mini ko kalma ɗaya.

A wani ƙauye nake cikin Kurugu, ƙasar Karaye. Ɗana na fari malamin makaranta ne a Rogo. Da aka tashi yaye 'yarsa ta fari sai aka kawo mini ita, kamar yadda aka saba, daga yaye kuma ta zauna. A bayana take barci, a kwanona take ci. Tana shekara uku na lura ƙafafunta suna lanƙwashewa kamar baka, in ta ɗan yi gudu sai ta zauna tana kuka. Na aika aka gaya wa uban.

Ran wata Asabar ya zo a babur. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango. Ku 'yan yanzu ba lallai ku gane ba. Ɗan fari ba a kallon idonsa, ba a kiran sunansa, ba a zaman hira da shi. Shekara talatin da ɗoriya, maganata da shi ba ta wuce "lafiya lau" da "Allah ya yi albarka" ba. Ya ajiye kwalba a gefen tabarma ya ce, "Inna, ga kodiliba. Na ƙafarta ne. Cokali ɗaya kullum." Ya miƙe, wai hadari ya haɗo, ya hau babur ya tafi.

Na juya kwalbar, rubutun Turawa ne zagaye da ita. Na buɗe, ƙarni ya buge ni. Na kai wa maƙwabciyata, sa'ata ce, ta shinshina ta ce, "Man kifi ne wannan, ko ba a faɗa ba."

To, mai ne, kuma an ce na ƙafa ne. Ni duk man da na sani na ƙafa, shafa shi ake yi. Man kaɗanya muke murza wa targaɗe. Man shanu muke shafa wa jariri bayan wanka. Wa ya taɓa shan maganin ƙafa a cokali? Sai na riƙa auna cokali ɗaya cif, na zuba a tafin hannu, na zaunar da ita a hantsi, na murza daga gwiwa har idon sawu, ina bisimilla. Ban tsallake ko kwana ɗaya ba.

Mun sha wuya, ni da ita. Ƙuda ya bi mu, kyanwar gidan ta riƙa lasar mata ƙafa, zanin goyona ya ƙi fita ko da sabulu. Maƙwabciyar takan leƙo ta katanga ta ce, "Yau nawa ake sayar da tarwaɗar?" Na ce mata ta bari ƙafa ta miƙe, za ta ga tarwaɗa. Wata biyu muna haka.

Sai aka yi suna a gidanmu, tsakar gida cike da mata, har da dangin da suka zo daga Beli. Ɗana ya shigo gaisuwa. Yarinya ta ruga, ya ɗaga ta, ya yamutsa fuska. Ya duba ƙafar, tana nan yadda ya bar ta.

"Inna, wannan warin fa?"

Na ce da bango, "Maganin ne."

"Shafa mata kike yi?"

Sai ya ɗaga murya, a gaban surukai, a gaban jikoki. "Sha ake yi, Inna, sha! Wata biyu an zubar a banza. Wannan ai jahilci ne, so kike ta gurgunce?"

Wata ta yi dariya ta toshe baki da mayafi. Ran nan na juyo na kalli ɗana ido cikin ido, abin da ban yi ba tun yana zanin goyo. Ashe har furfura ta fara fito masa a gemu.

Na ce, "Kai malam, ka ce sha? Da ka ajiye kwalbar nan, ciwon baki kake yi? Sunan Turanci ka jefo mini ka tafi. Ka san ban iya karanta kwalba ba, ka san ba zan tambaye ka ba. 'Ya'yan mutane kana maimaita musu karatu sau goma, uwarka ba ta isa kalma ɗaya ba?"

Ya ce a haɗa kayan yarinyar. Na ce kowa ya taɓa kayan nan ban yafe ba, shi ya sa ya tafi da ita da rigar jikinta kawai. Ina jin kukanta har babur ya sha kwana.

Bayan kwana uku na ɗauki kwalbar na tafi asibitin karkara, don in san ko na cuci yarinyar. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ni, ta ce man hantar wani kifi ne na teku, tun da daɗewa ake ba yara don ƙarfin ƙashi. Shafawa ba ya cutarwa, amma ba ya kai wa ƙashi. Ta ce a haɗa mata da nono da ƙananan kifi. Da Hausa ta faɗa, kuma ko ruwan buta ba a gama juyewa ba ta gama. Abin da ya gagari ɗana ke nan. Na aika da kwalbar Rogo, da saƙon nono da kifin, ban aika da gaisuwa ba.

Yarinya ba ta dawo hannuna ba. Ƙafa ta miƙe, saura ɗan lanƙwasa a ta hagu, in na gani sai na tuna wata biyun nan. Ta girma a Rogo, tana zuwa hutu, kuma ita ce ke riƙe da alƙalamin nan. Maƙwabciyata ta rasu bara, har ta koma ga Allah tana kirana mai tarwaɗa. Ɗana ya zama shugaban makaranta. Yana zuwa, yana durƙusawa, yana kawo buhun shinkafa, amma bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Ni kuwa tun ran nan na daina kallon bango. Duk abin da ya ajiye a gefen tabarmata, sai na tsare shi da ido na ce, "Ci ake yi, sha ake yi, ko shafawa?" Kuma ba ya tashi sai ya faɗa.