Hadarin da ya tsallake gonarmu

Shekarun baya, tun ina sabon magidanci a wani ƙauye kusa da Ajingi, aka yi damina biyu a jere ba ruwan kirki. Mu Kiristoci gidaje kaɗan ne a wurin, da majami'ar ƙasa mai jinka. Mahaifina ya rasu, gona ta dawo hannuna, rumbu kuma ya yi ƙasa har ana jin ƙarar ƙwarya a gindinsa. Abin da ya rage shi ne irin gero da mahaifiyata ta rataye a ɗakinta, ta hana kowa taɓawa.

Da lokacin shuka ya yi ba ruwa, sai muka yi binne, wato aka zuba irin a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko. Duk muka zuba, don bai isa a raba ba. Idan ya lalace, babu wani.

Sama ta yi shiru. Muka shiga azumi da addu'a a majami'a, maƙwabtanmu Musulmi kuma suka fita sallar roƙon ruwa. Wata rana da la'asar, muna fitowa daga addu'a, hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Iska ta taso da ƙamshin ruwa, mata suka ruga suna jera tukwane. Ni kuwa na tsaya a ƙofar majami'a na soma waƙar godiya da ƙarfi, ga shi ban taɓa iya waƙa ba. Ban kai ƙarshen baitin ba hadarin ya karkata, ya je ya zuba a Toranke, wani gari da ke maƙwabtaka da mu. Ko ɗigo bai taɓa mu ba.

Ran kasuwar Ajingi na haɗu da abokina, mutumin Toranke, Musulmi, wanda muka yi makaranta tare a Gaya. Tun daga nesa yake dariya.

"Malam, an ce kun roƙa mu kuma muka karɓa. Ku ci gaba, muna godiya!"

Na ce, "Saƙonmu ne ya ɓata hanya. Ku dawo mana da shi."

Na yi dariya a gabansa, amma a hanyar gida zuciyata ta yi nauyi. Na biya wurin mai wa'azinmu, wani dattijo da shi ma irinsa ke kwance a ƙasa, na ce, "Baba, me muka yi? Allah bai ji ba ne, ko ya ji ya ƙi?"

Ya ce, "Ɗana, ban sani ba. Abin da na sani, Yesu ma ya roƙa a ɗauke masa wahala, ba a ɗauke ba, bai kuma daina kiran Allah Uba ba." Amsar ba ta gamsar da ni ba. Ruwa nake so.

Ruwan Toranke kuwa saman ƙasa kawai ya jiƙa. Ya isa ya ta da iri, bai isa ya riƙe shi ba. Geronsu ya tsiro kore shar, rana ta biyo baya ba gajimare, ya ƙone tsaye. Namu da bai ga ruwa ba yana kwance a bushe. Da damina ta sauka sosai, a makare, sai ya tsiro. Ba duka ba, tururuwa sun kwashi rabonsu, amma gona ta yi kore.

A majami'a aka yi ta cewa, "Kun gani? Allah ya san abin da yake yi, da ya hana mu wancan ruwan." Na ji daɗin maganar, na dawo gida ina maimaita ta. Mahaifiyata tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

"Kai wannan, mutanen Toranke fa? Su ba su roƙa ba ne?"

"Sun roƙa, Inna."

"To ka rage murya. Uwar abokinka irinta na ƙarshe ta zuba, kamar ni." Ta karkaɗe rariya. "Gobe za a yi cira a gona. Kada a zubar da ko ɗaya."

Washegari, ƙasa na da laima, muka rage geron da ya yi cunkoso a ramuka, muka ɗaure abin da muka cire da jiƙaƙƙen buhu, na ɗora a jaki zuwa Toranke. Na tarar da abokina zaune a bakin gonarsa, babu kome cikinta sai ƙasa. Ya dubi kayan, ya dube ni. Bai yi wasa ba a ranar. Ya ce, "Allah ya saka wa Inna," ya tashi ya ɗauko fartanya. Muka yi ta dashe har rana ta yi sanyi.

Dashen bai kama duka ba. A shekarar, gidansu da namu mun sayar da awaki, mun kwana da yunwa ba sau ɗaya ba. Amma kowa ya sami irin da zai rataye don baɗi.

Tun daga lokacin mutane da yawa sun tambaye ni abin da na tambayi dattijon nan. Nakan ji sha'awar in ba su rabin labarin, in ce jinkiri ne ya cece mu, su ma su jira. Gaskiya ne, amma ɗayan rabin yana Toranke, wurin mutanen da suka sami abin da suka roƙa, ya zame musu hasara. Ban san dalilin wannan ba, ban kuma ƙara yin kamar na sani ba. Ina roƙo har yau, wani a ba ni, wani a yi shiru. Sai dai duk ranar da aka ba ni, kafin in buɗe baki da godiya, nakan duba in ga gonar wa ce ta ƙone, da abin da zan iya cira in kai masa.