Ranar da Na Riƙe Agogon Pilon

Shekarun da na yi ina kula da injinan rezo, wato sabis ɗin waya, a gindin pilon ɗin Dakoro, dogon ƙarfen nan na sadarwa, inna ba ta taɓa tambayata ainihin aikina ba. A wurinta ni ne mai kunna rezo da kashe shi. Idan magana ta tsinke wa maƙwabciya, ni za a aiko wa da tsiya.

A ɗakin ƙarfen da ke ƙarƙashin pilon akwai kart ɗin rezo, wani ɗan allon lantarki mai nasa agogon a ciki. Ba ya nuna wa kowa ƙarfe nawa, aikinsa kawai ya yi daidai da babban agogon Maradi, wanda ke aiko masa lokaci ta waya. Daga namu kuma ƙananan pilon na arewa suke ɗauka. Idan tazarar agogonmu da na Maradi ta wuce iyaka, antan, wato eriyar pilon, ya kashe kansa, arewa duka ta yi shiru. Sistem ɗin ordinatar, wato kwamfuta, ya ba mu ƙofa zuwa agogon nan. Kana iya tambayarsa lokaci, kana iya tsallakar da shi gaba ɗaya, kana kuma iya rage masa gudu kaɗan-kaɗan. Tsallake shi ne mai sauƙi, amma yana yanke duk kiran da ke kan layi, injin ya ɗauki lokaci kafin ya dawo.

Daminar nan yayana ya kora shanunmu arewa, can bayan Bader Goula. Duk ranar kasuwa bayan la'asar yakan hau wani tudu inda rezo ke kamawa, ya kira wayar inna. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma nuna tana jiransa. Takan ɗora wayar kan faifai kusa da tabarma, wai don kada kaji su taka. Makon nan kuwa 'yan kasuwa sun yi ta zancen wasu masu babura da aka gani a wajen rijiyoyi, ana faɗi ana rage murya.

Ranar kasuwar da hantsi kilim ɗin da ke sanyaya ɗakin ya mutu. Zafi na sa agogon kart gaggawa. Porogaram ɗin da ke gyara shi da kansa ya yi ta wuce gona da iri, har ya haƙura. Na buɗe ordinatar na ga lambar tazara tana hawa. Na kira shef, shugabanmu a Maradi, mutumin da bai taɓa gaggawa ba sai wajen kashe waya.

"Mai gyara sai gobe," in ji shi. "In ta matsa, tsallakar da shi ka huta."

Ban tsallakar ba. Ina tsoron in yanke layi daidai lokacin da mutum ke tsaye kan tudu. Na buɗe ƙofa, gardi mai gadin wurin ya ara mini fankarsa, na zauna a ƙasa ina lallaɓa agogon. In rage masa gudu, in jira, in duba, lambar ta sauka ta sake tasowa. Gumi na ɗiga kan maɓallai. Hadari ya haɗu a arewa ya tsaya baƙi ƙirin, bai zubo ba. Na yi azahar da la'asar a bakin ƙofa, ina sallamewa na koma ciki. Tsoro nake ji sosai, kuma ban san ko na lambar ba ne ko na tudun.

Da rana ta yi sanyi agogon ya natsu. Antan bai ɗauke ba ko sau ɗaya, na arewa ma duk suna amsawa. Na rufe ɗakin ina jin kaina, na hau babur na nufi gida in karɓi gaisuwar yayana.

Na tarar da inna tana tsince gero, wayar na kan faifai. Ba ta ɗago ba.

"Kai, yau rezon naku babu shi ko?"

"Mi ya hwaru, inna?"

"Ba komi. Na ga wayar ta yini shiru. Na ce injinku na ya lalace."

Ƙanwata ta dube ni daga bakin murhu. Ta san inda na yini, ta kuma ga wayata cike da rezo a hannuna. Na sa ta aljihu.

"Kilim ya mutu tun hantsi," na ce. Gaskiya ce, iyakar wadda na iya faɗi.

"To, ai na sani," in ji inna. "Ku gyara kahin kasuwa mai zuwa. Akwai masu son kira."

Ban taɓa jin haushin aikina ya yi kyau ba sai ranar: rezo bai ɗauke ba, yayana ne bai kira ba. Washegari mai gyara ya zo, agogon ya koma daidai, bai sake kaucewa ba duk daminar. Har yau ba mu ji muryarsa ba, amma duk ranar kasuwa bayan la'asar, inna tana ɗora wayar kan faifai, tana ce wa maƙwabta rezon Dakoro ba shi da amana.