Shekarar da Muka Ɓoye Shanun Huɗa

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwa. Abin da zan faɗa a tsakar gidanmu aka yi shi, can bakin garin Kontagora inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara, ni kuwa ina zaune a kan tabarmata ina kallo.

Ɗana na fari, wanda bakina ba ya kiran sunansa, manomi ne. Abin da ya riƙe gidanmu shanun huɗa ne guda biyu, fari da ja. Idan ruwa ya sauka da su yake huɗe gonarmu, da su kuma yake huɗe gonakin mutane a biya shi. Kwanon da ke kanmu guminsu ne, simintin da ke ƙasan ɗakina ma guminsu ne. Matarsa tana soya ƙuli-ƙuli tana sayar da man gyaɗa. Ba mu yi arziki ba, amma ba a taɓa wayewar gari ba mu hura wuta ba.

Muna da maƙwabci, tsohon dillalin awaki, mutum mai zaƙin baki. Shekarar da nake ba ku labari, sunansa ya shiga cikin waɗanda gwamnati take ba tallafi. Kuɗi sukan shigo masa ta waya. Tun daga nan ya mayar da gindin mangwaron ƙofar gidanmu wurin zamansa, yana juya wayar nan a hannu kamar carbi. Duk sanda ɗana ya dawo da ƙunshin harawa a ka, sai ya tare shi da barka da aiki, irin barkar da ake yi wa wanda ake tausayi.

Ta katanga nake jin hirarsu. Maƙwabcin yakan ce masa ya zauna ya duba da kyau: taki ya yi tsada, maganin feshi ya yi tsada, dusa da kanwar shanu sun yi tsada, gonar nesa kuma an bar ta saboda tsoron masu ɗaukar mutane. Idan an cire wannan an cire wancan, me ya rage wa mai noma in ban da ciwon baya? Shi kuwa ga shi nan a inuwa, bai sunkuya ba, bai taka ƙaya ba, abinsa yana zuwa har aljihu. Ya ce a zamanin nan mai aiki shi ne wawa, don gwamnati ba ta ganin wanda yake tsaye da ƙafafunsa, sai wanda ya kwanta.

Ba zan yi wa ɗana ƙarya ba, shi ba malalaci ba ne, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya. Na ga shekarun da ya sayar da masara da kaka da araha, ya dawo ya saye ta da tsada kafin damina. Na kuma san wata tsohuwa a bayan layinmu, ba ɗa ba jika, wadda tallafin nan ya tsame daga kwana da yunwa. Ban taɓa cewa abin banza ne ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ban san fuskar mai bayarwa ba. Wanda ban san ƙofar gidansa ba, ranar da ya daina bayarwa ina zan je in yi sallama? Sannan ban gane abin da ya sa mutumin da ya samu rabonsa yake ta ƙoƙarin jawo wani cikin rabon ba. Tun ina yarinya ban ga dillali ya yi wa mutum hanya don Allah kaɗai ba.

Ana nan, ana nan, bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda yake kaiwa, sai maƙwabcin ya zo da labari cewa masu tantance waɗanda za a ba tallafi za su sake zagayowa unguwarmu, gida gida. Ya rage murya ya ce duk gidan da suka tarar da manyan dabbobi a turke, tsallake shi suke yi. Shawararsa ita ce a kawar da shanun na ɗan lokaci, in an gama a dawo da su.

Ɗana yana da amini Bafulatani a Bobi, mutumin kirki, wanda tun zamanin mahaifinsa muke kai musu dawa su kawo mana man shanu. Can ya yi niyyar kai su. Da ya zo ya durƙusa ya gaya mini, na bar shi ya gama, sannan na nuna masa gabas, inda hadari ya fara taruwa da yamma yana watsewa.

Na ce, “Waɗancan mutanen sun sa maka rana?”

Ya ce, “An ce cikin makon nan, Inna.”

Na ce, “Wa ya ce?”

Ya kalli katanga. Na ce masa ruwa ba ya tambayar gwamnati kafin ya sauka, kuma gonar da ba a huɗe a kan lokaci ba, rumbu ne yake biyan bashinta. Ya ce in yi haƙuri in sa albarka, yara suna girma, shi kuma ya gaji. Kalmar gajiyar nan ita ta rufe mini baki. Na sa albarka, amma zuciyata ba ta bi bakina ba.

Ya kora su zuwa Bobi. Da ya dawo ya faɗa mini cewa aminin nasa ya karɓi amana, sai dai ya ja masa kunne: da zarar manoma sun fara shuka, garke ba ya zama kusa da gonaki, samari sukan tura shi can cikin daji inda ba za a yi ɓarna ba, kuma ba a raba garke saboda shanu biyu. Ɗana ya ce masa kafin nan ya zo ya ɗauke abinsa.

Sai aka shiga gyaran gida irin na baya-baya. Aka tuge turaku, aka share kashin shanu, aka kai garma ɗakina aka rufe ta da tsohon zane kamar mara lafiya. Aka ce surukata ta dakata da suya, kada a ji ƙamshin mai a ce muna da sana'a. Ɗana ya daina nisa da gida don kada su zo ba ya nan. Ya koma gindin mangwaro shi ma. Mutum mai ƙarfi, da rana tsaka, yana zaune yana kallon hanya.

Mako ya wuce, wani ya bi shi. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya jiƙa ƙasa sosai. Masu gonakin da ɗana ya saba yi wa huɗa suka fara sallama a ƙofa, yana ba su haƙuri. Ba su jira ba, kuma ban ga laifinsu ba. Da na tambayi surukata wa yake yi musu huɗar yanzu, sai ta ce ƙanin matar maƙwabcinmu ne, wanda ya sayi shanu bara bai samu masu kira ba. Na ajiye wannan magana a cikina. Ban ce an haɗa baki ba, don ban ji da kunnena ba. Amma tun daga ranar, idan maƙwabcin ya ce mini, “Iya, an wuni lafiya?” sai in ce lafiya, in tsaya nan, ba na tambayarsa iyali.

Masu tantancewar sun zo, ba a yi ƙarya a nan ba. Wata budurwa ce da wani saurayi, sun sha rana, suna da ladabi. Na ba su ruwa. Suka tambayi yawanmu, da abin da muke ci, da inda muke ɗebo ruwa. Budurwar ta ɗaga kai ta dubi kwanon rufin ɗaki, ta sunkuya ta dubi daɓen siminti, ta danna abin da za ta danna a wayarta. Ɗana yana tsaye yana jiran a zo kan maganar dabbobi, amsarsa tana bakinsa. Sun tambaya a gurguje suna kan hanyar fita, ko wurin turakun ba su kalla ba. Suka ce za a ji daga sama.

Da suka fita, surukata, wadda ba ta cika magana a gabana ba, ta dubi mijinta ta ce, “Maigida, da ka sani ka haɗa da kwanon ka kai Bobi.”

Ba wanda ya yi dariya sai ni, ita ma ban so ta fito ba.

Washegari ya kama hanyar Bobi. Ya tarar da ruga, ya tarar da amininsa, bai tarar da garke ba. An tura shi kamar yadda aka gaya masa, kuma hanyar wurin ba ta biyuwa ga baƙo a wannan zamani. Aminin ya yi alkawarin aikawa, ya kuma cika, amma kafin fari da ja su sake shigowa gidanmu, masarar mutane ta kai gwiwa. Kafin nan ɗana ya kama fartanya shi da matarsa sun yi abin da hannu zai iya. Ragowar gonar kuwa, ƙanin matar maƙwabcin nan muka kira ya huɗe mana, muka biya shi da kuɗin man gyaɗar da aka ajiye don taki. Ina tsaye a bakin gona ina kallon shanun wani suna tafiya a kunyoyinmu. Shukar ta makara, ba ta samu taki ba, ruwa kuma ya ɗauke ya bar ta da sauran kwana.

Rumbunmu bai kai mu bazara ba a shekarar. Jan sa shi ya tafi kasuwa ya dawo mana a buhuna.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Ɗana yana nan yana noma, ya haɗa farin da san wani mutum suna huɗa tare suna raba abin da aka samu, kuma wasu daga cikin masu kiransa na da sun dawo, wasu ba su dawo ba. Har yau idan wayarsa ta yi ƙara yakan duba da sauri, don ba a ce mana an ɗauke mu ba, ba a kuma ce an ƙi mu ba. Surukata ta koma suyarta, yanzu ba ta neman izinin kowa kafin ta ɗora kasko. Aminin Bobi ya tashi da iyalinsa zuwa wajen Bangi, man shanunsa yana iso mu jefi-jefi. Tsohuwar bayan layi ta ci tallafinta har Allah ya karɓi abinsa, kuma na yi mata murna da kowane kwabo. Ƙanin matar maƙwabci ya ƙara shanu. Shi kuwa maƙwabcin, kuɗinsa sun yi ta jinkiri har suka daina zuwa, ya koma kasuwar awaki, ya ce gyara ake yi a sama. Yana gaishe ni, ina amsawa. Ni kuma ga ni a kan tabarmata, garma ta bar ɗakina ta koma zaure, ban daina sauraron abin da ake faɗa a bayan katanga ba.