Ruwan Shuka da Injin da Tsawa Ta Ƙona a Tanut

Shekarar da fari suka cinye geron garinmu Falanko, mun ci iri. Tun kafin azumi matata ta sauke damin da muka ware don shuka, ta sussuke shi, ta daka. Ban hana ta ba. Yara na kuka.

Da rani ina kabu-kabu a Tanut da wani tsohon moto, wato babur. A can na ji wani proje na taimakon manoma zai raba irin gero. Suka ɗauki hotona, suka ba ni kati, suka ce in ruwa ya sauka in zo.

Ruwa ya sauka, mai yawa, da iska da tsawa. Jigawarmu ba ta riƙe laima. In ba ka shuka da wuri ba rana ta shanye, sai ka zauna jiran wani ruwan, ba ka kuma san ranar zuwansa ba.

Da safe na je biron proje, ofishinsu. Na tarar da mutanen Falanko da na Gangara sun cika ƙofa, da amalanke da jakuna. Buhunan iri na cikin magaza, ɗakin ajiya, muna ganinsu ta taga. Mai magaza, wata mace mai babbar murya, ta ce ba ta ba da ko tiya ɗaya ta iri sai ordinatar, wato kwamfuta, ya karanta kati. Ordinatar kuma ya ƙi buɗe wa kowa.

Wani tsoho ya ce, "Hajiya, ordinatar za mu shuka ko gero?"

Ta ce, "Baba, in na buɗe ƙofar nan haka kawai, gobe a jandarma zan kwana. Kai za ka kawo mini fura?"

Ba wanda ya yi dariya.

Can sai mai gyaran injinansu ya fito, wani siririn mutumin Damagaram, riga jiƙe da gumi. Ya ce yana neman moto zuwa Belbeji yanzu-yanzu, motar proje ta tafi Damagaram ba ta dawo ba. 'Yan kabu-kabu suka dubi juna. Hanyar bayan ruwa ba ta da kyau. Na tambaye shi, "In ka je, ƙofar nan za ta buɗe?" Ya ce in Allah ya yarda. Na ce ya zuba isansi, man moto, ya hau.

Bayan Gangara muka tarar da korama ta kawo. Muka sauka muna tura moto, ruwa har gwiwa. Da muka haye ya zauna yana matse wando. Na ce ya gaya mini abin da ya mutu.

Ya ce, "Baba, akwai babban inji a biro. A cikinsa akwai wani, ba ƙarfe ba ne, ba ka iya taɓa shi, amma aikinsa na cikakken ordinatar ne. Shi ne mai tsaron ƙofa. Duk ma'aikacin da zai shiga, shi ke duba sunansa da kod ɗinsa, kalmar sirrinsa. Tsawa ta ƙona babban injin, mai tsaron ya tafi tare da shi. Sunayenku suna nan lafiya a wani wuri, hanyar isa gare su ce babu."

"Ka sa wani mai tsaron."

"Na ajiye wani a Belbeji, kamarsu ɗaya. Kullum na Tanut na aika masa duk abin da ya sake. Jiya na kira shi ya karɓi aiki, bai amsa ba."

"Shi ma ya mutu?"

"Shi za mu gano."

Na duƙa na damƙi ƙasa a bakin hanya. Ta dunƙule a hannuna. Da sauran laima. Na ce ya tashi.

Biron Belbeji ɗaki biyu ne da faranti na sola a kan rufi. Gardiye, mai gadin wurin, wani dattijo mai fara'a, ya tarbe mu da ruwan sanyi har da ƙanƙara a ciki. Na sha. Mai gyara bai sha ba, ya wuce ɗakin ciki. Na bi shi.

Injin na ƙasa, baƙin akwati, an lulluɓe shi da sallaya, an ɗora buta a kai. Shiru yake. Kusa da shi firigo, injin ƙanƙara, na ta ƙugi. Mai gyara ya ɗaga wayar injin daga ƙasa, ya riƙe ta, ya daɗe yana kallonta.

"Malam, wa ya cire wannan?"

Gardiye ya ce, "Ni. Tun azumi."

"Tun azumi?"

"Batir ba ya ɗaukar biyu. Wannan ba shi da fuska, ba mai zama gabansa, sai cin kuran, wutar nan ta sola. Wancan kuwa unguwa duka ta yi buɗa-baki da ƙanƙararsa. Har liman ya sa albarka. Bayan salla ma ka ga zafin da aka yi. Amma kullum ina share shi, duba, ko ƙura babu."

Mai gyara ya zauna a ƙasa. Ya ce a hankali, ba da kowa ba, "Ni kuma na ɗauka rezo ne, layin sadarwa, ke yankewa."

Na ce, "Malam, zama ba namu ba ne. Rana na ci."

Ya zare firigo, ya jona injin. Ya cire wata shuɗiyar waya daga bayansa, ya ce kada ya yi magana da kowa tukuna, sai an ga hankalinsa. Injin ya yi ƙugi, fitilu suka kama. Ya haɗa shi da ɗan ordinatar ɗinsa, ya yi ta dannawa. Ya ce mai tsaron ya farka, amma a wurinsa har yanzu azumi ake. Abin da ya faru bayan nan bai sani ba.

Ya sa kod ɗinsa. Ya ƙi. Na yanzu ne, mai tsaron kuwa na da ya sani. Ya gwada wani, ya ƙi. Ya sake gwadawa, ya ƙi. Sai ya ɗauke hannu.

"In na ci gaba da kuskure zai kulle ni."

"Kai ka yi shi, ya kulle ka?"

"Aikinsa ke nan, Baba."

Na fita waje. Inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Na tona ƙasa da yatsa, samanta ya yi fari. Na tuna gonata, da matata da na ce wa ta gyara sungumi ta jira ni. Ban iya komai a ɗakin nan ba. Ban san baƙin rubutu ko ɗaya ba. Da ƙofar katako ce da na ɓalle ta.

Mai gyara ya fito da waya a kunne. Matarsa ya kira. Na ji yana cewa, "Ke, wane suna muka so sa wa yarinyar nan kafin Inna ta ce a'a?" Muryarta na fitowa har inda nake. "Ka bar ni da jaririya tun sati, shi ne abin da ka kira ka tambaya?" Ya ce, "Don girman Allah." Ta faɗa masa, ta kashe. Ashe sunan ne kod ɗinsa na da. Ya koma ciki. Ban bi shi ba. Can na ji ya ce alhamdulillahi, da ƙarfi.

Iska ta kayar da sandar rezo, injin ba ya iya aiki daga Belbeji. Dole mu ɗauke shi. Gardiye ya kawo bargonsa muka naɗe, muka sa tsakanina da mai gyara, ya rungume. Ya ce abin da ke ciki ba ya son girgiza. In na faɗa rami, an gama.

Wannan dawowar ita ta fi yi mini wuya. Hannuna na son murɗa moto ya yi gudu, shi kuma yana kunnena, "A hankali, Baba. Baba, a hankali." Jaki mai kaya ya jera da mu. A gonakin bakin hanya mutane na shuka, namiji gaba yana sara, mata da yara baya suna zubawa suna takewa. Na daina kallo. Koramar ta janye, sai laka. Ya ɗauki injin a ka ya haye, ni na turo moto. Sai magariba muka shiga Tanut, kuran kuma babu.

Washegari tun safe ya fara. Ya gyara wa mai tsaron agogo. Ya ce a fitar da ƙonannen injin, ko an gyara shi kada wanda ya kunna, don biyu masu suna ɗaya ba sa tsaron ƙofa ɗaya. Sauran ordinatar na biro ba su gane mai tsaron ba, shi ma bai gane su ba, sai da ya gabatar da su ɗaya bayan ɗaya. Mai magaza bayan salla aka ɗauke ta aiki, sunanta ma babu. Ta ce, "Au, ni ce baƙuwa yau?" Ya sake sa ta.

Muna zaune a rana. Wasu suka ɗaure amalanke suka koma gida hannu wofi. Tsohon jiya yana nan. Duk wanda ya fito daga biro sai mu miƙe, sai mu koma mu zauna.

Bayan la'asar abin karanta kati ya yi ƙara. Mai gyara ya leƙo, idonsa ja, ya ce a fara da mai moto. Mai magaza ta ce akwai layi. Tsohon ya ce, "Ba shi, Hajiya, gindinsa ya biya." Ta ba ni.

Ban shiga gida ba, gona na wuce. A kan jigawa na tona har wuyan hannu, ƙasa na zubowa kamar gari. Na gangara kwari na tona. Can ƙasa ta ɗan dunƙule. Na aika aka kira matata da yara. Muka shuka kwarin har muka daina ganin rami. Da gari ya waye, sauran irin muka yi binne da shi a jigawa, cikin busasshiyar ƙasa.

Ruwa na biyu ya makara. Ɓeraye suka tone na jigawa, abin da ya tsira bai kai a faɗa ba. Kwarin ya fito. Geronsa ya kai mu har ƙarshen lokacin ɗari.