Fitarmu ta Farko a Birnin Sakkwato

Sai da na cika shekara talatin kafin na taɓa kai mace cin abinci a wani wuri. A Goronyo ba haka muke neman aure ba. Mutum yakan je gidan su yarinya bayan la'asar, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta fito su gaisa. Amma wadda nake so tana karatun aikin jinya a birnin Sakkwato, ni kuma na sa wa raina cewa 'yar makaranta a birni sai an yi mata irin na birni.

'Yar Wurno ce. Na fara ganinta a asibitin garinmu, lokacin da aka kwantar da Inna saboda hawan jini, su kuma makarantarsu ta turo su koyon aiki. Ita ke auna Inna safe da yamma. Inna ba ta ƙaunar allura ko kaɗan, amma in ita ce ta zo, sai ta miƙa hannu tana ba ta labarin awakinta. Da aka sallame mu, yayata ce ta karɓo mini lambarta, bayan ta gama yi mini dariya son ranta.

Wata huɗu muka yi muna magana ta waya. Ni manomin albasa ne, gonarmu tana ƙasan madatsar ruwa, kuma ban san wani abin faɗi ba bayan ban-ruwa da tsutsa da kasuwa. Ba ta taɓa nuna ta gaji ba. Da magana ta yi nisa, baffana ya je Wurno ya gaida mahaifinta. Dattijon ya ce ya ba da izini mu fahimci juna, tana zaune gidan kawunta a birni, in je can in gaishe su. Matar kawun ta yarda in fita da ita ranar Asabar, da sharaɗin 'yarta babba, matar aure, ta raka mu, kuma a dawo da ita kafin magariba.

Ranar Alhamis, kwana tara kafin ranar, na kai albasa birni. Da na gama da dillalai sai na nemi wani abokina da muka yi firamare tare, wanda yake tuƙa keke mai ƙafa uku a can. Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya zaga da ni gidajen abinci uku. Na farko hayaniya ta yi yawa, ana kallon ƙwallo. Na biyu duhu gare shi, na ce matar kawunta ba za ta ji daɗin labarinsa ba. Na uku yana da sanyi da haske, tebura nesa da juna, iyalai ne ke ciki da 'ya'yansu. Na ce nan ne.

Na shiga ni kaɗai na zauna, don in koyi yadda ake yi. Aka kawo mini takardar abinci, rabin sunayen ban taɓa jin su ba. Na sa aka kawo soyayyar shinkafa da kaza, na yi ta fama da cokali mai yatsu har naman ya tsallake faranti ya faɗi ƙasa. Ma'aikaciyar wurin ta yi kamar ba ta gani ba, Allah ya saka mata. Na ɗanɗana askirim kala biyu don in san wanda zan zaɓa mata. Na duba inda masallaci yake da inda mata ke alwala. Na ma zaɓi tebur, na kusa da taga, da wani a gefensa inda 'yar rakiya za ta zauna ta gan mu ba tare da ta ji mu ba. Bayan abinci kuma na shirya mu je wani lambu mai inuwa da abokina ya nuna mini, mu zauna har la'asar.

Na ɗinka sabuwar shadda mai ruwan toka. Kwana uku ina goge hannuna da lemun tsami don warin albasa ya fita. Ranar Juma'a na je bakin ruwa na zaɓo busasshen kifi mai kyau na tsarabar gidan kawunta. Inna tana kallona tana murmushi. Da safiyar Asabar, da zan fita, ta ce, “Ka gaishe min da ɗiyata.”

Na isa gidan da hantsi. Na gaida kawun da matarsa, aka karɓi kifi, aka sa albarka. Ta fito da hijabi ruwan ƙasa, 'yar kawunta na biye. Abokina yana jira da kekensa a ƙofar gida. Su biyu suka shiga baya, ni na zauna gaba gefensa. Ba mu kai bakin titi ba ta yi magana.

“Malam, kahin mu tahi inda ka shirya, akwai inda nika son mu biya.”

“Ina na, Malama?”

“Wurin gwajin jini.”

Na juyo. “Mi yas same ki?”

“Lahiyata lau. Kai nika son a gwada.” Ta murza bakin hijabinta. “Ni AS ta. In kai ma AS na, duk ɗan da Allah ya ba mu yana iya zuwa da sikila. Na so in hwaɗa maka ta waya, na kasa. Ka yi haƙuri.”

Na san sikila, ciwon nan da ke sa yara kukan ƙashi, amma ban taɓa tunanin yana da wata alaƙa da ni ba. Ban taɓa kwanciya asibiti ba. Buhun albasa ni kaɗai nake ɗora shi a mota. Har dariya na yi, na ce mu je a gwada, ai ba komai.

Wani ɗan ƙaramin ɗakin gwaji ne a bayan kantin magani. Ma'aikacin ya ɗebi jinina a hannu, ya rubuta sunana a jikin kwalba, ya ce mu dawo bayan awa uku. Da muka fito ta dube ni ta ce, “To, yanzu kai mu inda ka shirya.”

Komai ya tafi yadda na tsara. Teburin taga babu kowa. 'Yar kawunta ta zauna a na gefe ta duƙufa kan wayarta. Na karɓi takardar abinci kamar wanda ya saba, na faɗi abin da za a kawo ba tare da na duba ba. Da abinci ya zo, na ɗauki cokali mai yatsu da ƙarfin hali. Ita kuwa ta kira ma'aikaciyar ta ce, “Don Allah ba ni cokali na gaskiya, ban iya da wanga ba.”

A nan na fallasa kaina. Na gaya mata na zo tun satin da ya wuce na yi gwaji, har da labarin kazar da ta faɗi. Ta yi dariya har ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta na rawa, 'yar kawunta ta ɗago tana tambayar lafiya. Wata huɗu ina jin dariyar nan ta waya, ranar ce kaɗai na gan ta da idona.

Mun yi hira mai yawa. Ta ce in ta gama karatu za ta nemi a tura ta Goronyo. Na ce akwai fili a gefen gidanmu, ɗaki biyu za su fita har da ɗan tsakar gida. Ta ce ita dai a dasa mata zogale, kuma kada a kawo mata buhunan albasa ƙofar ɗaki. Ta tambaye ni ko da gaske ne in an saki ruwan madatsa ana jin ƙararsa har cikin gari. Na ce sai ta zo ta ji da kunnenta. Askirim da na zaɓa mata ta shanye shi tas.

Da muka yi azahar muka dawo, sai hirar ta canza. Ta ba ni labarin ƙanwarta, wadda take bi mata, da ta rasu shekara uku kafin nan. Da sikila aka haife ta. Iyayensu ba su san komai ba sai da yarinyar ta fara kumburin hannu tana jaririya.

“Ɗaki guda muka kwana,” ta ce. “In ciwon ya tashi, ni ka riƙe ta. Tana cewa in danna mata ƙahwa, in na danna ta ce in bari, in na bari ta ce in danna. Shekara goma sha bakwai muna haka. Saboda ita niz zaɓi wanga karatu.”

 Na ce Allah ya jiƙanta. Ta ce amin, ta duba agogon wayarta, ta ce lokacin komawa ɗakin gwaji ya yi.

Ma'aikacin ya miƙo takardar a ninke. Na ba ta, don ita ta san karatunta. Ta buɗe a tsaye a bakin ƙofa. Ba ta daɗe tana kallo ba. Ta ninke ta yadda take, ta miƙo mini da hannu biyu, kamar yadda ake miƙa wa babba abu. Na buɗe na ga haruffa biyu, irin nata.

Ba mu je lambun ba. Muka zauna a kan wani benci a inuwar kantin, 'yar kawunta da abokina suka matsa can nesa. Na yi ta magana. Na ce ai ba kowane ɗa ne ke zuwa da shi ba, ita da kanta shaida ce. Na ce Allah ne mai rabawa. Na ce ko ɗa guda muka samu ya ishe ni, ko ba mu samu ba ma. Ta bar ni na gama.

“Duk abin da kac ce gaskiya na, Malam. Amma su Baba ba su sani ba, shi ya sa suka iya kallon ƙanwata. Ni na sani. In na haihi ɗa yana wagga azaba, ya tambaye ni ko na sani tun hwarko, mi za ni ce mishi?”

Hawaye na zuba a fuskarta, ba ta share ba. Ta ce tun ranar da baffana ya je Wurno take roƙon Allah ya sa jinina ya bambanta da nata. Ta ce ta jinkirta maganar ne don tana tsoron amsar, kuma ta san ta zalunce ni da jinkirin. Na ce ba ta zalunce ni ba.

Muka mayar da su gida tun kafin la'asar. Ta sauka, ta tsaya a ƙofar zaure ta ce, “Na gode da yau. Ba a taɓa yi mani irin haka ba.” Ta shige.

Ban yarda nan take ba. Bayan sati ɗaya na koma birni na sake gwaji a wani wuri dabam, ba tare da na gaya wa kowa ba. Amsar ba ta canza ba. Sannan na gaya wa Inna. Da farko faɗa ta yi, ta ce wace irin cuta ce wannan da mutum ke yawo da ita yana noma lafiya lau. Yayata ta zauna ta yi mata bayani a hankali, ta tuna mata 'ya'ya biyu na wata maƙwabciyarmu da suka rasu suna ƙanana. Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Daga tsakar gida muna jin kukanta.

Baffana ya koma Wurno ya janye magana cikin mutunci. Ya ce mahaifinta ya rako shi har bakin hanya yana ba shi haƙuri. Ni da ita mun ƙara magana sau biyu ta waya, gaisuwa kawai, daga nan muka ga barin shi ya fi mana sauƙi.

Bayan shekara biyu na yi aure, 'yar Tursa, mace mai haƙuri. Kafin a kai gaisuwa gidansu sai da aka yi gwaji. Muna da 'ya mace yanzu, lafiyarta ƙalau.

Bara yayata ta je biki Wurno. Da ta dawo ta same ni a gona ina ban-ruwa, ta ce ta ga waccan da na fara nema. Ta gama karatu, tana aiki a wani asibiti wajen Rabah, ta auri wani malamin makaranta, har da goyon namiji a bayanta. Ta ce a gaishe ni. Na ce ina amsawa. Na kashe injin ruwa na zauna a kan kunyar gona, yayata ta zauna kusa da ni.